Mutumin da Ke Bayan Kyamara ta Uku

Duk ranar da za a haska wasan sunuka, wanda ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, ƙarfe bakwai na safe a ɗakin ɗaukar shiri take yi masa, alhali ba a fara wasa sai biyu na rana. Yakan ajiye jakarsa bayan ƙofa, ya cire takalmin da ya zo da shi, ya sa wani na roba mai taushi wanda ba ya ƙara. Sai ya ɗauko ƙyalle ya goge gilashin kyamararsa a hankali, kamar mai share wa jariri ido. Daga nan ya kunna fitilun saman tebur, ya jera ƙwallaye, ya bi kusurwa huɗu yana durƙusawa, yana duba ko akwai inuwar da za ta sa shuɗiyar ƙwallo ta yi kama da koriya a talabijin ɗin mutane. In ya ga inuwa, da kansa yake hawa tsani. Aljihunsa ba ya rabo da alewar tari, domin a wannan wasa tari ɗaya kan ɓata wa ɗan wasa bugu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A gidan talabijin ɗinmu Baba Uku muke ce masa, saboda kyamara ta uku ce tasa, wadda ke ƙasa-ƙasa daidai bakin tebur. Mai riƙe da ita a sunkuye yake wuni. Shi ya sa in ka hango Baba a hanya za ka ga kamar yana neman allurar da ta faɗi.

Ni ce mai buɗe wasiƙun masu kallo, shekara goma sha tara ke nan. Da a ambulan suke zuwa, yanzu ta waya suke kwararowa, amma halin masu su bai canza ba. Kusan duka a kan mai sharhinmu ne, wanda muke kira Aku, shi ma kuma yana amsawa. Wani ya rubuto cewa, "Ku gaya masa muna da ido, ya bar mu mu ji ƙarar ƙwallo." Da Aku ya rage magana, mako na gaba wani ya ce, "Shirun me yake yi? Na ɗauka talabijin ɗina ce ta lalace, har na kai mata duka." Akwai wani direba da ya ƙirga sau nawa Aku ya ce "lallai wannan bugu ne" a wasa ɗaya, ya samu arba'in da uku. Wata baiwar Allah kuma ƙarar mijinta ta kawo, wai in ana wasa ko cokali ba a yarda ya faɗi a gidanta, sai ka ce 'yan wasan za su jiyo. Masu yabo ma Aku suke yabo. Masu kyamara kuwa ba a tuna su sai sun yi kuskure, irin ranar da aka nuno wani yana hamma a layi na biyu daidai lokacin da baƙar ƙwallo ta faɗa rami.

Kowace Litinin Baba Uku yakan zo teburina ya ja kujera. "'Yata, me suka ce yau? Bar na yabon, ba ni na zagin." Sai ya sa tabarau ya karance su tas. In ya ga gaskiya ya ce, "Wannan ya fi ni." In ya ga son rai ne kawai, ya yi murmushi ya ce, "Wannan gwaninsa ne ya sha kaye."

Wata rana wasiƙar wani tsohon malamin makaranta ta zo. Ya ce kunnensa ya mutu shekara shida da suka wuce, don haka Aku ya yi surutu ko ya yi shiru duk ɗaya ne a wurinsa. Roƙonsa guda: in an buga ƙwallo ta shiga rami, a daina gaggawar nuna fuskar ɗan wasa, a bar shi ya ga inda farar ƙwallo ta tsaya, domin a nan yake karanta abin da zai biyo baya. Baba ya karanta sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi ofishin Darakta, wanda ke zaɓar hoton da zai fita. Daraktan sabon zuwa ne a lokacin, mai son hoto ya riƙa tsalle daga nan zuwa can.

"Ranka ya daɗe, fuska tana nan ba inda za ta," in ji Baba. "Farar ce ke tafiya."

"Baba, mutane fuska suke so. Motsi suke so."

"To ba ni daƙiƙa uku kacal bayan kowane bugu. In an zage mu, ni aka zaga."

An kuwa zage mu, na mako biyu. Daga baya sai saƙonni suka fara cewa yanzu ne ake gane wasan, wai Aku ya ƙara ƙwarewa wajen bayani. Na kai wa Baba wannan ina jin haushi. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu, ya ce, "Bar masa, 'yata. Ai shi ke shan zagin ma."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi wannan nauyi, kuma sai da na nemi izinin masu abin kafin na rubuta.

Shekara takwas da suka wuce, mijin babbar 'yar Baba ya kai wasan ƙarshe na gasar shekara. Kafinta ne, mutum mai fara'a, wanda ya yi shekara goma yana neman wannan rana. Wanda ya ci wasan shi zai wakilci ƙasa a gasar waje. Matar kafintan tana zaune a layin gaba da tsohon ciki. Darakta ya ce wa Baba ko zai huta ranar, Baba ya ce aikinsa ne, ba zai bar shi ba.

Wajen ƙarfe biyar na yamma aka shiga zagaye na ƙarshe, kafinta yana gaba da maki kaɗan, jajayen ƙwallo biyu suka rage. Ya miƙe a kan tebur don ya kai ga farar, ya buga, ja ɗaya ta shige. Ɗakin ya ɗauki tafi. Sai abokin karawarsa ya miƙe ya ce wa alƙalin wasa a hankali, shi dai kamar ya ga ɗaya jar ta motsa kafin bugu. A dokar wasan, ko hannun rigarka ne ya taɓa ƙwallo ka yi laifi. Alƙali bai gani ba, domin yana ta ɗaya gefen. Ya dubi kafinta, kafinta ya sunkuyar da kai yana goga alli a bakin sandarsa. Alƙali ya ɗaga hannu ya nemi a duba hoto.

Ina cikin ɗakin Darakta a ranar, da idona na gani. Aka maido hoton kyamarar sama, bayan kafinta ya rufe komai. Aka duba ta ɗaya, ta yi nisa. Ta biyu tana kan 'yan kallo. Ta uku kuwa Darakta da kansa ya umarce ta da ta tsaya kan fuskar ɗan wasa, don haka bai ma yi tunaninta ba. Har ya buɗe baki zai ce wa alƙali babu komai, sai muka ji muryar Baba ta abin magana, ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, duba tawa."

Darakta ya ce, "Baba, ai kan fuska kake."

"Na buɗe hoton kaɗan kafin ya buga. Duba can ƙasa, ta hagu."

Aka duba. Ga hannun riga nan ya shafi jar ƙwallo, ta gusa da abin da bai fi faɗin ƙwayar gero ba. Aka haska wa duniya. Aku ya ɗaga murya ya ce, "Na faɗa muku, masu kallo, na ga wani abu!" alhali bai faɗi komai ba. Alƙali ya yanke laifi, abokin karawar ya karɓi tebur, bai sake sakinsa ba har baƙa, ƙwallon ƙarshe, ta faɗa.

Abin da ba na mantawa shi ne, bayan haka Darakta ya ce, "Uku, ba ni fuskar wanda ya faɗi." Baba ya juya kyamara ya saita fuskar surukinsa, hoto tsaf, ko rawa bai yi ba. Sai da aka kashe fitilu na ga ya zauna a kan akwatin kayan aiki, yana jujjuya alewa a hannu bai buɗe ta ba.

Saƙonnin makon nan sun cika kwando. Wasu suka ce talabijin ta shiga sharo ba shanu, ta hana bawan Allah rabonsa a kan abin da ido ba ya gani. Wasu suka yabi kaifin idon Aku. Babu wanda ya san wane ne ya yi magana, balle ya san me ke tsakaninsa da kafinta. Aku ya so ya faɗa a shiri na gaba, Baba ya hana shi. Ya ce, "Kada ka ƙara wa yaron mutane ciwo don a yabe ni."

A gida kuwa abin bai zo da sauƙi ba. 'Yarsa ta same shi a tsakar gida ta ce, "Baba, da ka yi shiru wa zai sani? Ko tambayarka ba a yi ba." Ya ce, "Ni zan sani." Ta juya ta tafi, ta ɗauke ƙafa daga gidan. Matar Baba ta gaya mini cewa ita ma ranar sai da ta ce masa, "Malam, gaskiya gaskiya ce, amma ka dubi halin da yarinyar nan take ciki." Ta ce mako uku abinci sai dai ya taɓa ya ture, kuma kullum in ya dawo aiki sai ya tambaya, "Ba wanda ya zo?"

Ranar da aka cika wata guda, da hantsi, kafinta ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe su. Can ya ce, "Baba, na ji ta. Lokacin da rigar ta taɓa, na ji. Na so in faɗa, bakina ya ƙi. Da na ci kofin nan, da har in mutu ba zan iya kallonsa ba." Baba ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce, "Ya wuce. Gobe dai ka riƙa naɗe hannun riga." Matar Baba ta ce dariya da hawaye tare suka zo mata. Da yamma 'yar ta biyo mijinta. Da ta haihu kuwa, hannun Baba aka fara miƙa wa jaririyar. Kafinta bai taɓa cin wannan kofi ba har yau, amma ku tambayi duk mai zuwa gasa: sau biyu ana ganinsa yana ajiye sanda ya kai ƙarar kansa wurin alƙali, kan laifin da ba wanda ya gani.

Baba Uku, kai ne idon mutanen da ba su taɓa ganinka ba. Ka sunkuya shekara talatin da ɗaya don mu zauna daram a kujerunmu. Kai ne ka koya mini cewa mai ƙorafi ba maƙiyi ba ne, wani lokaci malami ne da bai iya lafazi ba. Ranar da shirunka zai amfani gidanka, ka yi magana. Ranar da magana za ta ɗaga sunanka, ka yi shiru. Ban san mutane da yawa da suka iya haɗa waɗannan biyun ba.

Jiya Darakta, wanda shi ma yanzu furfura ta fito masa, ya ce ba za a bar Baba ya tafi masu kallo ba su ga fuskarsa ba. Da ƙyar aka zaunar da shi a kujerar baƙi, aka maƙala masa abin magana a wuyan riga. Matar da za ta gaji kyamara ta uku, wadda ta yi shekara bakwai tana aiki a gefensa, ita ta saita shi. Aku ya gyara murya ya ce, "Baba, me za ka ce wa masu kallonmu?" Baba ya ƙura wa kyamarar ido, muka yi tsit muna jiran jawabi. Sai ya ce, "'Yar nan, kin bar fili da yawa a saman kaina. Sauko da ita kaɗan." Ɗakin ya tuntsure da dariya. Ta sauko da ita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa. To, na gode muku duka," ya miƙe. Iyakar jawabin ke nan, kuma haka za mu haska shi ranar Asabar.

Mu ne da godiya, Baba. Allah ya huta da gajiya, ya miƙar maka da bayan nan, ya sa ka ga auren jikokinka. Ku kuma abokan aiki, matasa da manya, a ofis kuke ko a shago, ga hanya nan an share muku: ku zo da wuri, ku saurari mai kuka da ku, ku faɗi abin da kuka gani ko da a kan naku ne. Masu kallo kuma, ku ci gaba da rubutowa, zagi da yabo duk muna karɓa. Amma wannan makon ina roƙon alfarma ɗaya. Ku bar Aku ya sarara, ku aiko da layi guda don Baba Uku. Ranar Litinin ɗin nan ita ce ta ƙarshe da zai shigo gidan nan a matsayin ma'aikaci, kuma ina so ya tafi gida da jakarsa cike.