Sista Mai Jaka, Wadda Ta Kwance Hannun Inna

Kowace safiya, kafin ta raba magani, Sista Mai Jaka hannuwa take fara dubawa. Gado-gado take bi a ɗakin tsofaffi na asibiti, tana shafa wuyan hannun kowa, tana tsokana: "Angona, yau ma ka fi ni kwalliya!" A kafaɗarta ga tsohuwar jakar da ta jawo mata sunan, cike da zaren ulu, maɓallai da ƙyallaye.

Ni ganau ce. Inna, mahaifiyar mijina, tana fama da rikicin tsufa, aka kwantar da ita ana ƙara mata ruwa. Da an sa mata robar ruwan sai ta fizge. Aka ce ba dabara sai an ɗaure hannuwanta da bandeji a ƙarfen gado. Na shigo da 'yata a goye, na tarar da Inna tana kuka: "Me na sata?" Ni da ko zanin goyo ya ɗan matse yarinya sai na sassauta!

Sista ta karɓi aiki, ta tsaya tana kallon yatsun Inna da suka ƙi zama wuri ɗaya.

"Ƙanwata, wace sana'a ta yi?"

"Kitso."

"Ashe! Ai aiki hannun nan yake nema!"

Ta shawarci likita, ta kwance bandejin, ta ɓoye robar cikin dogon hannun riga. Ta ɗinka zaren ulu jikin matashi, ta ɗora wa Inna a cinya. "Inna, biki gare ni, a taimaka."

Inna ta yatsina fuska. "Wannan kai ko mai bai gani ba!" Sai ta kama kitso. Jama'a, har ruwan ya ƙare ba ta waiwayi robar ba!

Sista, ke ce mai tambaya kafin ɗauri. Ke ce kika nuna mana tsoho ba kaya ba ne. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah Ya ba ki masu riƙe hannunki da tausayi.

Masu jinya, don Allah ku ɗauki jakar nan. Kafin ku jawo bandeji, ku tambayi me hannun ya saba yi.

Inna tana gida yanzu. Jiya ta yi wa 'yata kitson farko. A karkace ya fito, amma ba mai tsefe shi.