Kwanon Ƙarshe na Ko Tin Aye

Daw Thaung Kyi ba ta taɓa zana tauraro ko ɗaya ba, amma duk ƙauyensu na Myinkaba an san taurarinta. Ƙanenta ke saƙa kwano da gora, ya yi ta shafe shi da baƙin ƙaro har ya yi sheƙi. Mijinta Ko Tin Aye ke ɗaukar tsinken ƙarfe ya karce zara da wata da kaza da 'ya'yanta. Zanen ba ya ganuwa sai ita ta shafe kwanon da rawayan launi, ya bushe, ta wanke da ƙaiƙayin shinkafa. Launin sai ya maƙale a inda tsinke ya bi kawai.

Mace ce mai baki. A shekarar da ciwo ya cinye Ko Tin, kwano ɗaya ya riƙe tun daga farkon damina, ita kuwa ba ta bar shi ya huta ba.

"Ko Tin, taurarin sama duka za ka kwashe ne? Ka bar wa mutane na kallo mana."

Shi dai murmushi. Ya ce ta yi haƙuri, wannan nata ne. Kafin ruwa ya ɗauke aka kai shi makwanci.

Ta naɗe kwanon a tsohon zanen ɗaurawarsa ta ɓoye. Ƙanenta ya yi ta fama ta sa launi a gani, ta ce ya kula da gorarsa. Gaskiyar ita ce tsoro take ji: ran da ta wanke kwanon nan, aikinsu tare ya ƙare.

Sai da idonta ya fara hazo ta ga in ta ƙara jinkiri ba za ta gani ba har abada. Ta shafa launi, ta jira ya bushe, ta kira ƙanen nata ya zuba mata ruwa. Ta goga. Rawayan ya bi ruwa ya tafi, kwano ya fito baƙi ƙirin, ko ɗigo babu.

Ƙanen ya juya shi a rana ya ce, "Yaya, a lokacin hannun Ko Tin ba shi da ƙarfin huda ƙaron. Ina jin bai ma sani ba."

Ta karɓa ta shafa da yatsa, sumul. Ta tuna damina guda Ko Tin yana sunkuye a kan kwanon, ita tana tsaye tana masa gori.