Ranar da Unguwa Ta Koma Gida Ɗaya

Ko na manta da komai na aikin nan, ba zan manta da ranar da aka aike ni ƙirga ƙofofi na tarar da guda ɗaya tal a unguwa sukutum ba. Lokacin ina mataimakin jami'in haraji a ƙaramar hukumarmu, a ƙarƙashin shugaban sashe Alhaji Bala, mutumin da ba ya karanta rahoton da ya wuce shafi ɗaya.

Majalisa ce ta kawo shawarar ƙara harajin gidaje. A sabon tsarin, duk ƙofar da ta buɗe zuwa layi gida ce mai zaman kanta, kuma za ta biya. Masallaci da gidan dagaci ne kawai aka ɗauke wa. Ƙa'ida kuma ta ce ba a zartarwa sai an ji ra'ayin jama'a. Bayan kaka aka ba ni babur, aka tura ni wani ƙauye ta wajen Roni.

A ƙofar gidan dagaci muka yi taron, shi a kujera, jama'a a tabarma. Na yi bayani, na ce akwai mai magana? Kafin kowa ya motsa dagaci ya gyara rawani ya ce, "Abin da hukuma ta kawo alheri ne. Mun amince." Aka amsa, "Allah ya ja zamaninka!" Wani dattijo mai shanu, Malam Jauro, shi kaɗai ya ɗaga hannu.

"Malam Hudu, ƙofa kuka ce ko ɗaki?"

"Ƙofa, Baba. Wadda ke kallon layi."

"Ta dagaci kuwa babu ruwanta?"

"Babu."

"To madalla."

Daɗi ya kama ni. Na koma ofis ina rawar kafaɗa, Alhaji Bala ma har ya ce a yi koyi da ni.

Da na dawo ƙirga, sai na zaci na ɓata hanya. Layi ga shi nan, amma duk inda na san akwai ƙofa an toshe shi da ɗanyar ƙasa, an shafe sumul. Ashe ta ciki suka bi suka fasa katangu tsakanin gida da gida, tunda dama duk dangin juna ne. Hanyar ta yi ta kwana-kwana har ta ɓulle a tsakar gidan dagaci, ta fita ta zaurensa.

A zauren na same shi, ya tattare ƙafafu a kan kujera. Jaki ya wuce da itace. Mata suka wuce za su rijiya. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali, shi kuma dole ya amsa. Muna cikin haka Malam Jauro ya yi sallama, shanunsa na biye a layi, wata ta tsaya ta yi abin da shanu ke yi a kan shimfiɗa.

Dagaci ya kama hannuna, muryarsa ta dishe. "Malam Hudu, ka cece ni. Tun asuba nake amsa gaisuwa, kokona ya huce. Iyalina sun rasa inda za su yi shanya."

"Ranka ya daɗe, ka hana su mana."

"Da wane baki? Cewa suka yi ni ubansu ne, tunda na amsa da bakinsu, su ma za su fita ta ƙofata."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga dariya tana cina. Na fita na kira Alhaji Bala.

"Ƙofa nawa ka samu?"

"Ɗaya, yallaɓai."

"To a fara da ita."

"Ta dagaci ce."

Sai ya ce in sake taro.

Dagaci da kansa ya ce ranar zai tafi Kazaure ganin likita, lafiyarsa kuwa ƙalau. Yana ba da baya bakuna suka buɗe. Ba ƙarin ne ya dame su ba. Gida mai ƙofa uku, in ji su, sau da yawa tukunya ɗaya ce da rumbu ɗaya, uba da 'ya'yansa. Wasu ƙofofin kuma na tsofaffi ne da ake kai wa tuwo. Suka ce a yanka harajin a kan rumbu, su biya bayan sun sayar da riɗi. Majalisa ta karɓa, kafin mako ya zagayo ƙofofi suka dawo.

Ku sababbin ma'aikata da za a fara turawa, ku riƙe wannan: mutanenmu ba sa musu da babba a gabansa, amma suna da magina. Ni tun daga nan in za ni jin ra'ayi, sai na fara roƙon dagacin garin ya ɗan yi tafiya. Har yau babu wanda ya ƙi.