Hirami a Kan Gicciye

Ni na tsaya wa autanmu har Baba ya yarda ya tafi Amurka karatu. Jami'ar ta 'yan Katolika ce, su suka ba shi gurbi a fannin haɗa magunguna, shi kuwa Baba kullum sai ya ce bari ya yi shawara. Daga Dubai nake ta bugo waya Kano ina magiya, har ranar da ya gaji da ni ya ce to, amma in sani yaron nan a wuyana yake. Na ce na ɗauka. A lokacin bakina ya fi hankalina sauri, kuma ban ce yanzu ya daina ba.

Ina aiki ne a wani ofishin kargo a Al Khabaisi, ina shirya wa 'yan kasuwarmu takardun kwantena. Ɗaki biyu ne kacal, amma da yake akwai sanyi da shayi, sai ya zama majalisa. Mutum zai zo tambayar kayansa da hantsi, la'asar ta same shi a kujera yana latsa waya. Duk abin da ya shigo wayar mutum ɗaya, kafin a tashi ya zaga kowa.

Wajen shekara biyu kafin korona ne. Wani Alhaji ɗan unguwarmu, mai saro kayan gyaran mota, ya miƙo mini wayarsa ta saman tebur ya ce in ga abin da ake yi wa 'ya'yan Musulmi. Hoto ne na wani saurayi an ɗauko shi ta baya, ya yi sujada a cikin wani aji. A bangon da yake fuskanta, sama da allo, an lulluɓe wani abu da jan hirami, amma ƙafar gicciye ta leƙo ta ƙasa. Tare da hoton akwai muryar wani mutum yana magana kamar zai yi kuka, wai haka makarantun Kirista suke ɓoye kuros a bayan ƙyalle ta wajen alƙibla don yaranmu su yi masa sujada ba su sani ba, wai duk wanda ya ji bai tura ba zai amsa tambaya gobe kiyama.

Ni ban ji ƙarshen muryar ba. Hiramin nake kallo. Ni na saye shi a kasuwar yadi ta Bur Dubai, kusa da inda nake hawa abra, ɗan jirgin ruwan fito, na aika masa saboda sanyi. Ko da ma ban gane hiramin ba, ai na san ƙeyar yaron da na goya.

Na mayar wa Alhaji wayarsa na ce Allah ya kyauta, na fita baranda cikin zafin nan na kira auta. Can safiya ce, ya tashi ke nan. Dariya ya fara yi. Ya ce makarantar ce ta ba su ajin su riƙa salla, kuma kowane aji da ɗan gicciyensa a saman allo, sai aka yi dace alƙibla ta faɗa wannan bangon. Wani tsohon fada, limamin cocin makarantar, har ya tambaye su ko a cire musu, suka ce a'a, gidansu ne, a bar musu kayansu. Shi dai auta ya tashi ya ga Innarmu ba ta tayar da salla sai ta yafa zani a kan talabijin, ta juya kalanda mai hoto ta kalli bango. To haka yake yi: ya yafa hiraminsa, ya idar, ya ɗauke abinsa ya tafi. Bai san wanda ya ɗauki hoton ba.

Sai dariyar ta tsaya. Ya tambaye ni ko na ga na Turancin.

Ya turo mini. Hoton nan ne dai, ba a sauya komai ba, amma a nan an rubuta cewa ɗalibai Musulmi sun fara rufe gicciye a jami'ar Katolika, sun ce sai an cire su duka, har ma sun kai ƙara kotu. Kullum Turanci nake karantawa a wurin aiki, amma ranar na so a ce ban iya ba. A ƙarƙashin hoton mutane sai tambaya suke wace makaranta ce, wane gini ne. Wani ya ce ya gane tagogin. Wani ya ce a nemo masa sunan yaron kawai, sauran aikin nasa ne.

Makarantar ta fito ta ce babu ɗalibin da ya nemi a cire komai. Wannan kam ban ga wanda ya tura wa wani ba, ko a nasu ko a namu.

Abu ɗaya na riƙe, cewa fuskarsa ba ta fito ba. Na ce masa ya ɓoye hiramin, ya ajiye hula, ya rage fita. Baba kuwa ban gaya masa komai ba. Da yamma in na hau abra zan tsallaka gida, sai in kama kaina ina leƙen wayoyin mutanen da ke gefena, Indiyawa da Filifinawa waɗanda ba ruwansu, ina duba ko jan hiramin ya iso wurinsu. Tsoro nake ji, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ana nan sai ga Alhaji ya shigo ofis da fara'arsa, ko zama bai yi ba. Ashe wani abokin auta na sakandare ya gane shi, magana ta zaga unguwa ta dawo Dubai. Alhaji ya yi mini faɗa a kan na ɓoye masa, sannan ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya ɗauki mataki. Ya sa hoton a Fesbuk da sunan yaron da na mahaifinsa, da sunan makarantar, da fannin da yake karanta, da lambar wayarsa don masu nasiha. Ya kuma sa ɗansa ya mayar da shi Turanci, don Musulmin can su gani su je su cece shi.

"Alhaji, ka san wa ka miƙa wa yaron nan?"

"Haba 'yata, taimako ne fa. Khalas, shi ke nan, yanzu 'yan'uwa za su same shi, inshallah."

Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zan rubuta ba. Sa'an mahaifina ne, kuma a gaban mutane na faɗa. Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Na nuna masa na Turancin da auta ya turo mini, na karanta masa abin da ake rubutawa ina fassarawa, ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Nan take ya goge abin da ya sa. Amma an riga an kwafa, kuma na ji tausayinsa ma daga baya, don da zuciya ɗaya ya yi.

Daga ranar wayar auta ba ta huta ba. Wani ya kira da Hausa ya ce ya ji tsoron Allah ya sake kalmar shahada, yana ajiyewa wani ya kira da Turanci ya ce ya san ginin da yake kwana. Wata mota ta fara tsayawa a gaban masaukinsu, mutumin ciki ba ya fitowa, waya kawai yake ɗagawa in ɗalibai sun wuce. Abokin ɗakinsa ya kwashe kayansa ya koma wurin iyayensa. A ƙarshe tsohon fadan nan ne ya zo da kansa ya ɗauki jakar auta, ya kai shi gidan limamansu da ke bayan coci, ya ba shi ɗaki.

Da ya kira ni daga can, a hankali yake magana, ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Yaya, kada Baba ya ji inda nake kwana. Kowa ma kada ya ji, don nan kaɗai ne ba su sani ba."

Na yi masa alkawari, na kuma cika. Ko mijina ban gaya wa ba.

Ranar Juma'a ba aiki, ina gida ina yanka albasa, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi ba ya kira, jira yake a kira shi. Na goge hannu na ɗauka, na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"An ce a gidan fada yake kwana, a bayan coci."

Ban tambaye shi wa ya ce ba. In har maganar ta kai zauren gidanmu a Kano, to ta daɗe da kai wa mutumin cikin motar. Na ce e, Baba, haka ne. Na tsaya ina jiran ya tuna mini a wuyan wa yaron yake. Sai na ji tarin da yake dannewa.

"Ƙofar ɗakin tana da sakata?"

Na ce ban sani ba, Baba.