Hauya Goma Sha Ɗaya

Ƙungiyarmu ta ƙwallo ba ta taɓa mallakar fili ba. Gona ce aka ara mana, a bakin hanyar da ta fita daga ƙauyenmu ta nufi Rawayau, kuma rabin shekara kawai take tamu. Da damina gero ne a ciki. Sai an yi girbi an kai dammuna rumbu, sannan mu shiga da hauyoyi mu tumɓuke tushiyar kara, mu baje kunyoyi, mu kafa itatuwan raga. Kafin ruwan farko kuma mu cire komai, kowane ɗan wasa ya kawo mangalar taki ya zuba, mu bar wa mai gona abinsa.

Mai gonar dattijo ne da bai san mece ce fenariti ba, bai kuma nemi sani ba. Baba muke ce masa. Sharaɗinsa ɗaya ne. Asabar ɗin farko bayan ya gama ɗaurin gero, da hantsi, zai zo ya zauna a gindin gawon da ke gefen gonar ya ƙirga mu. An gaya masa mutum goma sha ɗaya ke buga wasa, to shi ma goma sha ɗaya yake son gani, kowa da hauyarsa.

“Ni ba mutum guda nike ara ma hili ba,” in ji shi. “Jama'a nike ara mawa. Ranar da kuka kasa cika, ƙungiya ta mutu ke nan, a bar mani kunyoyina.”

Kocinmu na farko malamin firamare ne da aka turo daga Dutsin-Ma. Shi ya je ya durƙusa gaban Baba ya roƙi gonar, shi ya auna ta da taku, ya ja layi da tokar murhu. Ya dube ni, ya ga doguwar ƙafa da rashin gudu, ya ce in shiga raga. Tun ranar ban sake fitowa ba. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar mana usur ɗinsa, na ƙarfe, mai koriyar igiya.

Na biyu tsohon soja ne, mutumin da ya ɗauki shan ruwa lokacin atisaye a matsayin ragwanci. A hannunsa muka fara shiga gasar ƙaramar hukuma a Kurfi, a hannunsa kuma muka sha kashin da har yau ba a daina yi mini ba'a da shi ba. An gayyace mu Dutsin-Ma, muka cika bayan a-kori-kura muna waƙa. Filinsu sumul yake, ba tudu ba kwari. Mu kuwa mun saba da namu, inda duk bajewar da za ka yi kunya ba ta ɓacewa gaba ɗaya, ƙwallo na zuwa sai ta yi tsalle ta karkace. Sai muka tsaya muna jiran ta yi tsalle, ita kuwa ta wuce abinta. Sau bakwai na shiga raga na ɗauko ta. A hanyar dawowa koci ya sauke mu nesa da gari ya ce mu ƙarasa da gudu. Bai daɗe ba ya sami aikin gadi a Katsina, ya miƙa usur ya tafi, kuma ban ji wanda ya yi kukan rabuwa da shi ba.

Na uku tela ne, kuma shi na fi so. Shi ya ɗinka mana jesi da ragowar yadi, shi ya sa ba biyu da launinsu ya zo ɗaya. Masu tsegumi sun ce yana zaɓen ’yan wasa ne gwargwadon wanda rigar ta yi wa daidai. Ko ma dai yaya ne, a zamaninsa muka kai wasan kusa da na ƙarshe, mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Makera, masu rake da masu gyaɗa suka kewaye gonar. Ranar baje kunya a shekarun nan hauya ta fi talatin, Baba ma ba ya wahalar ƙirgawa. Ciwon ciki na kwana huɗu ya ɗauke telan ana tsakiyar rani. Matarsa ta aiko mini da usur a ƙulle cikin ƙyalle.

Haka na zama koci na huɗu, ba don na fi kowa sanin wasa ba. Ni mai facin keke ne, famfon iska a wurina yake, kuma ni nake ɗinke ƙwallo in ta fashe. Wa za a bai wa in ba ni ba?

A hannuna abin ya fara zubewa, kuma na daɗe ina tambayar kaina ko laifina ne. Noman rani ya buɗe a madatsar ruwa ta Zobe, daidai lokacin da gonar take tamu, masu tsaron bayana uku suka tafi tumatir da albasa. Lamba tara ɗinmu ya tafi birni acaɓa. Waɗanda suka rage suka koma gidan kallon ƙwallo, suna ta da jijiyar wuya a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu a duniya ba. Ina wucewa in ji ihunsu ta cikin langa-langa. Wata shekara sai da na jawo mai shayi da ƙanena, wanda bai taɓa taɓa ƙwallo ba, kafin muka cika. Baba ya gan su sarai, ya kau da kai.

Shekarar da ta biyo baya na bi gida-gida tun ana sauran mako guda ranar baje kunya. Kowa ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da kana ji ka san an sallame ka. Duk da haka na ari hauya goma a wurin maƙwabta, na ɗaure su a bayan keke tare da tawa, don kada wani ya ce ya manta da tasa. Na jera su a bakin gona, ƙota na kallon hanya.

Baba ya zo yana dogara sanda, ya shimfiɗa buzunsa a gindin gawo. ’Yan wasanmu biyu suka iso a kan babur ɗaya, suka gaishe shi, suka dubi hauyoyin, suka dubi wayoyinsu. Suka ce bari su je su kira sauran. Na bi ƙurar babur ɗin da ido har ta kwanta.

Rana ta take. Na ɗauki hauyata na fara da kunyar farko, don zama haka nan ya fi aikin ciwo. Na baje uku, na shiga ta huɗu, sai na ji muryarsa.

“Malam Koci, zo ka sha inuwa.”

Na zo na tsuguna.

“Na ƙirga,” ya ce. “Hauya ta cika. Hannu ne babu.”

“Baba, ku bar ni in baje ni kaɗai. Ko mako biyu zan yi, zan gama.”

“Na san za ka gama. To in ka gama, kai da wa?”

Na dubi ƙasa, shi kuma ya ciro goro ya ɓare ya miƙo mini rabi.

“Mu ba su har la'asar,” ya ce.

Muka yi azahar tare a kan buzunsa da rigata. Muka zauna. Duk babur ɗin da ya taso sai in miƙe, ya wuce, in koma. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yinin nan ba, ga kuwa mutum a gefena. Da inuwar gawo ta kai kunyar da na tsaya, ya tashi da ƙyar, ya kama tattara mini hauyoyin da hannunsa, ina cewa ya bari yana ƙi.

Yana miƙo mini ta ƙarshe ya nuna gabas da haɓa, inda nake kafa ragata.

“Wurin can da kake tsayuwa, ka san gero bai taɓa yin kirki nan ba? Ka daddaɓe ƙasar ta koma daɓe. Kowace damina sai in ga ya tsaya iya gwiwa, ko'ina ya yi kai ban da nan. In na zo noma sai in ce, ga wurin ɗan dogon nan.”

“Ba ku taɓa faɗa mini ba, Baba.”

“Mi zan faɗa? Dami guda ne. Na bar maka.”

Na mayar wa kowa hauyarsa a yammacin, gida goma, ina godiya kamar an yi aiki da su. Itatuwan raga suna zaurena har yanzu, usur yana rataye a ƙusa a rumfar faci. Ba koci na biyar da zan miƙa wa.

Damina ta farko na je na leƙa, wurina na nan, gero iya gwiwa. Ta biyu ya kai ƙugu. Baba ya rasu kafin ta uku, ’ya'yansa suka ci gaba da noma. Bana, bayan wani ruwan safe, na jingine keke na kutsa cikin gonar. Daga gindin gawo zuwa ragata taku arba'in da biyu ne, ƙafata ta san shi ko ido rufe. Na ƙirga na tsaya. Gero ya shanye kaina ta kowane gefe, zangarniya ta fito, ba wanda ya fi wani tsawo. Na koma gindin gawo na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Na taka ƙasar da ƙarfi, sai ƙafata ta nutse.