Cikin da Na Ƙi Amsawa

Ko za a binne ni gobe, ba zan manta shekarar da cikina ya kumbura alhali maigidana yana Abijan wajen neman abinci ba. Ya daɗe rabonsa da garinmu Garhanga, kowa ya sani. Ga cikina yana ta tasowa, ga jinin al'ada yana zuba kamar an yanka rago. In na je rijiya sai hira ta mutu, idanu su koma kan zanena.

Uwar mijina ta kira ni ɗaka. Ba muguwa ba ce, mafita ta nemo mini. Ta ce, "Ɗiyata, mu ce kwantaccen ciki ne. Tun kahin shi tahi ya shiga, ya kwanta, yanzu ya tashi. Ki zamna gida har ki haihu, ba mai cewa uffan."

Raina ya ɓaci, wallahi. In na amsa, ai na yarda akwai abin ɓoyewa ke nan! Na ce, "Inna, ba ni da ciki, kwantacce ko tsayayye. Madawa za ni wurin likita, kuma ƙafata ƙafarki."

A gidan likita wata malamar jinya ta karɓe mu. Ta ja labule, ta tambaye ni a hankali, ba harara ba zargi. Ta buɗe fatar idona ta ce jinina ya kusa ƙarewa. Ta auna fitsari, ta danna marata, sannan ta raka ni aka yi hoton ciki. Ƙari ne a mahaifa, ba ɗa ba.

Na ce, "Malama, kira Inna ki faɗa mata da bakinki." Ta faɗa mata kuwa, ta ƙara da cewa, "Inna, da ta zauna jiran haihuwa, da gawarta za ku ɗauka." Tsohuwa ta toshe baki da gefen mayafi.

Aka ƙara mini jini, aka yi aiki. Malamar nan ce ke wanke ɗinkin, tana tilasta mini tashi in taka ina mita. Ranar da muka koma, ta bakin rijiya na bi, ban sunkuyar da kai ba.

Tun ranar na koyi cewa ba kowane rufin asiri ake karɓa ba. Wani zanen da za a rufe ki da shi, likkafani ne.