Ranar da Ezekiel Ya Ƙi Tura Taya

Masu cewa yayana Ezekiel matsoraci ne, su zo su faɗa a gabana. Ni Rachel, uwa ɗaya uba ɗaya muke, bayansa na kwanta ina jaririya, kuma na san abin da yawancin masu wannan surutu ba su sani ba.

A Dabai aka haife mu. Ezekiel ya yi golmo shekara bakwai cif kafin a ba shi matarsa Dinah, wato noman da saurayi ke yi a gonar surukai tare da tsaransa, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ba ya cewa wayyo. Shi ne ma jagoran ƙungiyarsu. Suna da wata magana da suke jifan juna da ita a gona: wanda ya bar kunya, ya sha kunya. In ka kama kunyar noma, ba ka miƙewa sai ka kai ƙarshenta, ko da bayanka zai tsinke. Wanda ya tsaya a tsakiya, to ranar ya zama abin waƙa har gida.

Ƙannenmu biyu sun tafi soja kamar rabin samarin ƙasarmu. Shi kuwa ya shigo Zuru ya koyi fenti, ya yi shekara ashirin da wani abu yana shafa bangon mutane. Abokan golmonsa da yawa suka biyo shi cikin sana'ar, har da Dominic, wanda tun suna yara ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Sai suka kwaso maganar gona suka hau da ita sama. In za su yi fentin silin babban ɗaki, sai su raba shi layi-layi, kowane layi su kira shi kunya. Mutum ya hau sikafo, hasumiyar ƙarfen nan mai taya huɗu, ba zai sauko ba sai kunyarsa ta ƙare. In hannunsa ya daina kaiwa, sai ya buga ƙafa ya ce a tura, na ƙasa su gungura shi gaba yana tsaye a can ƙololuwa da bokitin fenti. Abin burgewa suka ɗauke shi. Har waƙa suke yi suna turawa, Allah na gani.

Da haka Joel, ɗaya daga cikinsu, ya faɗo a wani aiki a Manga, shekara tara ke nan. Taya ta ci karo da guntun bulo, sikafo ya yi tangal-tangal, ƙugun Joel ya karye. Har gobe da sanda yake tafiya. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, aka shafa fatiha aka ci gaba. Ezekiel ne ke turawa ranar, shi ma haka ya ce.

Bara waccan wani kamfani da ya samu kwangilar gini ya kwashi masu fenti zuwa Birnin Kebbi, kwas na kwana uku kan aiki a sama. Yaya ya tafi yana dariya, wai za a koya wa kaka cin tuwo. Ya dawo ba dariya. Ya ba ni labari muna ɓarar gyaɗa a ƙofar gidana. Malamar da ta koyar da su ta tambaya ko akwai wanda aka taɓa turawa yana sama, duk suka ɗaga hannu suna washe baki, shi har hannu biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora kwalba a tsaye kan faranti, ta ja farantin a kan tebur har ya taɓa ƙwayar tsakuwa ɗaya, kwalba ta kife. Ta ce ƙasa ce ke tsayawa, sama ba ta san an tsaya ba. Sannan ta bi da su ɗaya bayan ɗaya: a duba ƙasa ta daidaita, a danne birkin kowace taya kafin a hau, a buɗe ƙafafun tokara, a hau ta ciki ba ta waje ba, shingen sama ya cika, kuma ko taku ɗaya za a matsa, mutum da kayansa su sauko tukuna.

"Rachel," ya ce mini, "ba tsautsayi ba ne ya karya Joel. Hannuna ne."

Na ce haba Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Washegari ya hau babur ya tafi Manga ya faɗa wa Joel wannan magana baki da baki. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Tun daga nan aka fara jin haushinsa. Sauko, sauko, sauko, ba shi da wata magana a wurin aiki, har suka laƙa masa suna Baba Sauko. Ko a jikinsa. Amma dai ana lallaɓawa, tunda shi ne babba kuma hannunsa na da kyau, har ranar aikin babban zauren biki da wani ɗan kwangila, Fidelis, ya karɓa. Ina wurin, don ni ke kai musu shinkafa da wake da rana. Saura kwana biyu a miƙa zauren, silin kuma ko rabi bai kai ba, Fidelis sai zagaye yake yana duba agogo.

Dominic ne a sama, tsayin ya fi na mutum huɗu. Hannunsa ya daina kaiwa, ya buga ƙafa ya ce a tura. Ezekiel ya taka birkin ya ƙara danne shi, ya ɗaga kai ya ce ya sauko a matsa, ya sake hawa, minti biyar ne.

"Kai, Ezekiel," in ji Dominic daga sama, "ni kake cewa in bar kunya a tsakiya? Ni?"

"Wannan ba kunya ba ce, silin ne. Sauko."

Ku gane, a bakin mutanenmu ba ƙaramar magana ba ce ka ce wa abokin golmonka ya sauka bai gama ba, a gaban jama'a kuma. Dominic ya fara zazzaga masa ta cikinsa. Ya ce kwana uku a Birnin Kebbi sun cinye shekara bakwai na gona. Ya ce mace ta nuna masa kwalba ya dawo mace. Ya ce a je a karɓo wa Dinah golmonta, ba namiji aka ba ta ba. Wasu suka yi dariya, kuma na riƙe sunayensu har yau. Ni dai don haushi, da ludayin hannuna zai kai can sama da na jefa.

Fidelis ya matso ya ce shi bai san wata kunya ba, aikinsa yake so, Ezekiel ya tura ko ya ba mutane wuri. Mutum biyu suka kama ƙarfe za su tura da kansu. Sai Yaya ya cire hular kwanonsa ya ajiye, ya kwanta a ƙasa, a gicciye gaban tayoyin gaba, mutum mai shekara hamsin da huɗu da furfura a gemu. Ya ce to bismillah, su tura.

Ba wanda ya motsa. Aka yi ta ba shi baki, ya yi kunnen uwar shegu. Dominic ya yi kusan rabin awa a sama yana zagi har muryarsa ta dushe, daga ƙarshe ya sauko don ba yadda zai yi. Ya tsallake Ezekiel kamar an yar da itace, ya tofar da yawu ya fita. Fidelis ya ce Yaya ya kwashi burushinsa, kada ya sake ganinsa.

Kada ku jira in ce muku washegari wani ya faɗo aka gane gaskiyarsa. Ba wanda ya faɗo. Sun gama zauren suna tura juna suna waƙa, aka yi biki lafiya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don sai ya zama kamar su ne masu gaskiya. Aiki ya daina zuwa wa Ezekiel. Tsaransa in sun zauna ƙarƙashin mangwaro ranar Lahadi bayan coci, ba mai matsa masa benci. Ya koma gonarsa a Dabai. Na ce ya je ya ba Dominic haƙuri ko don zumunci, ya ce haƙurin me, shi bai ɗauki na kowa ba.

Wata biyar ana haka. Ranar wata Talata da hantsi ina gidansa muna shanya dawa da Dinah, sai ga Alice, matar Dominic, ta shigo tana waige-waige. Ta durƙusa ta gaida shi, ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce maigidanta bai san ta zo ba, kuma har yanzu kullum sai ya zagi Yaya. Sannan ta ce gobe za su Dirin Daji wani aiki, an ce ginin ya fi na zauren tsawo, ƙasan ma ba a gama daɓe ba.

"Baban Success," ta ce, tana kiransa da sunan ɗan farinsa, "wa zai riƙe masa taya?"

Yaya ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana jan akwati, ya fito da hular kwano yana kakkaɓe ta. Na tare ƙofa. Na ce ba wanda ya kira ka, ba wanda zai ba ka ko ruwa, za ka je ne Dominic ya sake yi maka wankin babban bargo a garin mutane.

"Ya zaga," in ji shi. "Gawa ba ta zagi. Matsa mini in je in tambayi motar safe."